Yarona ya kaɗe mai ƙosai da keken shago: ni zan biya ko shi?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, ina da shagon kayan masarufi a Kasuwar Dole: shinkafa, mai, taliya, sukari. Ina da keke mai ƙafa uku na dakon kaya, da yaro mai tuƙa shi. Ɗan wani aminina ne daga wajen Mirya, shekararsa huɗu a hannuna. Ina ba shi jika 25 a wata da abincin rana, kuma ba mu taɓa rubuta wata takarda ba.

Ranar Larabar makon jiya na aike shi ya kai buhu shida Garin Malam ya dawo. Ya kai kayan lafiya. A hanyar dawowa wani ya tsayar da shi, ya ɗora masa siminti zuwa Kara-Kara a kan jika ɗaya da rabi. Can a wata kwana, shi ya ce birki ne ya ƙi, mutanen wurin sun ce gudu ne, ya afka kan wata dattijuwa mai suyar ƙosai a bakin titi. Cinyarta ta karye, mai ya ƙone mata hannu. 'Yan sanda sun yi kwansta, wato rahoton haɗarin, keken yana komisariya, yaron ya kwana biyu can aka sako shi. Asirans ɗin keken, wato inshorarsa, ya ƙare tun wata biyu ban sabunta ba, yaron kuma ba shi da parmi, takardar izinin tuƙi.

'Ya'yan matar sun zo shago sau biyu suna neman in ɗauki nauyin asibiti da diyya. Ba zan ɓoye maka ba, na san yakan ɗan yi lodin mutane idan ya sauke kayana, ina kawar da kai don na san abin da nake ba shi ba ya isa. Amma ranar ni ban aike shi Kara-Kara ba. Wasu abokaina sun ce in ce ba ma'aikacina ba ne, aron keken ya yi, tunda babu takarda. Wasu sun ce in biya, in riƙa cirewa daga albashinsa. Malam, hannun da bai yi ɓarna ba shi zai biya? Ka ba ni shawara don Allah.

Daga wani Alhaji, Zango.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya ba wannan baiwa tasa lafiya, ya sa iyakar wahalar ke nan, kai kuma ya mayar maka da alheri.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. In maganar nan ta je gaban alƙali, kai za a ce ka biya. Kuma igiyar da za ta ɗaure ka, kai da kanka ka tufka ta a wasiƙarka, wurin da ka ce ka san yana lodi kana kawar da kai. Zan dawo kan wannan.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa a majalisa: hukunci daban, biyan ɓarna daban. Tara ko gidan kaso saboda raunata mutum da sakaci, da tuƙi ba parmi, wannan na wanda ke kan keken ne. Ba a ɗaure maigida don yaronsa ya yi gudu a kwana, ko da yake kai ma kana da naka laifin na sakin abin hawa a titi babu asirans, kuma ana cin tara a kan haka. Amma kuɗin asibiti, da kwanakin da matar nan za ta yi ba ta hura wuta ba, da gurguntaka in ƙafar ta bar mata ita, a nan doka ba ta tsayawa kan akuyar da ta yi ɓarna. Bin igiya take yi har ta kai ga turke.

Kundin dokokin farar hula da kotunan Nijar ke aiki da shi gado ne daga Faransa, asalinsa tun 1804, zamanin Napoleon. Aya ta 1382 ta ce wanda duk ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa, wajibi ne ya gyara. Aya ta 1384 ta faɗaɗa abin: ba ɓarnar hannun mutum kaɗai ke wuyansa ba, har da ta mutanen da ke ƙarƙashinsa da ta abubuwan da ke cikin kulawarsa. Ta ambaci iyaye da 'ya'yansu ƙanana, ta ambaci masu sana'a da yaran da ke koyo a hannunsu, ta ambaci iyayen gida da ma'aikatansu a cikin aikin da suka sa su. Su Faransawan sun sauya mata lamba zuwa 1242 tun 2016, mu muna nan da tsohuwar.

Akwai wani ɗan abu a ayar da nake so ka kula da shi, domin shi ne mutane ba sa tsammani. Iyaye da masu sana'a an bar musu ƙofa: nassin ya ce in sun nuna cewa babu yadda za su yi su hana ɓarnar, sun fita. Maigida ba a bar masa wannan ƙofar ba. Ko ka kawo shaidu goma cewa kullum kana ja wa yaron kunne kan gudu, ko ka nuna kana masallaci lokacin da abin ya faru, bai raba ka da biya ba. Ba tambayar alƙali ba ce ko kai ka yi laifi. Tambayarsa uku ce kawai: yaron a ƙarƙashin umarninka yake, ya yi kuskuren da ya cutar da wani, kuma abin yana da alaƙa da aikin da ka sa shi?

Na san da ɗaci. Amma juya abin ka gani. Shekara huɗu keken nan yana kai maka buhuna Birni da Sabon Gari da Garin Malam, ribar tana shiga aljihunka, ba ka taɓa zuwa ka ba mai ƙosai kasonta ba. Ita ba ta zaɓi yaron ba, ba ta san ba shi da parmi ba, ba ita ta miƙa masa makulli ba. In aka ce ta bi yaro mai jika 25 a wata ya biya ta karayar cinya, an ce mata ta haƙura ke nan. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

To, shawarar nan ta cewa ba yaronka ba ne. Alhaji, ka rabu da ita, kuma ka ɗan rage zama da wanda ya ba ka ita. Doka ba ta neman takarda kafin ta ce wane ma'aikacin wane ne. Abin da take dubawa shi ne wa ke da ikon ba da umarni. Ko ɗan cikinka ne da ba ka biyansa ko dala, muddin kai ke cewa je ka nan, kai can, kai ne maigida a idon kotu. Kuma ba a daɗe ana gano gaskiyar irin wannan. Alƙali zai tambayi yaron: ina keken yake kwana? Wa ke ba ka kuɗin mai da safe? Ranar Laraba wa ya ce ka fita, da kayan wa? Sai ya ɗaga kartigiris, takardar mallakar keken, ya karanta sunan da ke kai. Ga kuma bayanin da yaron ya riga ya yi a komisariya cikin kwana biyun nan, wanda na tabbata da "maigidana ya aike ni" ya fara. Ga maƙwabtan shagonka, layi guda na mutanen da suka shekara huɗu suna ganinsa yana share maka ƙofa. Za ka shiga kotu da matsala ɗaya ka fito da biyu, ta biyun ita ce alƙali ya daina yarda da duk abin da ka faɗa. Ban ma taɓo uban yaron ba, amininka, ranar da labari zai kai masa Mirya cewa ka ce ba ka san ɗansa ba.

Hujjar da ke da ɗan nauyi ita ce ta biyu, cewa ba ka aike shi Kara-Kara ba. Wannan kam lauyoyi sun daɗe suna kokawa a kanta. A Faransa sai da babbar kotunsu ta ɗaukaka ƙara ta yi zama na musamman sau da dama kan ma'aikacin da ya karkace daga aikinsa. A 1977 ta wanke wani maigida wanda direbansa ya ɗauki motar aiki ba izini ya tafi sha'anin gabansa. Sai a hukuncin 19 ga Mayu 1988 ta kafa ma'aunin da ake ambato har yau: maigida ba ya fita sai abu uku sun haɗu gaba ɗaya, wato ma'aikacin ya fita daga cikin aikinsa, ba tare da izini ba, kuma don wata buƙata da ba ta shafi aikin ba. Hukuncin Faransa bai zama dole kan alƙalin Damagaram ba, amma tunda nassin ɗaya ne, lauyoyinmu suna kawo shi, alƙalai kuma suna saurara.

Yanzu auna naka da wannan ma'auni. Buƙatar kansa ce? I, jika ɗaya da rabin aljihunsa za ta. Ya fita daga aikinsa? Da wuya a ce haka. Aikinsa dakon kaya da keke, abin da yake yi ke nan, da rana tsaka, a lokacin aiki, da keken da ka danƙa masa, kafin ya dawo daga aikenka. Babu izini? Nan kwalbar ta fashe. Izini ba sai an furta ba. Wanda ya san ana yin abu wata da watanni, yana da ikon hanawa bai hana ba, ya yarda ke nan. Kai kuma ba shiru kawai ka yi ba, lissafi ka yi: lodin nan shi ne cikon albashin da ba ka bayarwa. Da ka hana shi a gaban shaidu, ya saci jiki da dare ya buɗe gareji ya fita, da na ce ka nemi lauya ku gwada. Da ɓarawo ne ya sace keken ya kaɗe ta, da maganar ta sauya gaba ɗaya, domin abin da aka sace ya fita daga kulawar mai shi. Naka ba haka yake ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a wasiƙarka shi ne wata biyun nan na asirans. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, masu amfani da kundin inshora guda. Aya ta 200 ta kundin ta wajabta asirans kan duk abin hawa mai inji, kuma ta ce dole ya ɗauki lamunin duk wanda ke tuƙi, har wanda ya tuƙa ba da izini ba. Ko rashin parmi ba hujja ba ne da kamfani zai hana wanda aka kaɗe haƙƙinsa. Biyansa zai yi, daga baya ya juyo kan mai laifi. Da takardarka na da rai, da duk wannan gardama ta Garin Malam da Kara-Kara ba ta dami matar ba, kamfani ne zai fara zaro kuɗi. Yanzu kai ne kamfanin. Kuma kada wani ya ce maka zo mu je a yi sabuwar takarda a mayar da kwanan wata baya. Wannan ba dabara ba ce, jabu ne, shi kuwa yana kai mai shago kansa gidan kaso.

Wani zai ce ai ita ma da laifinta, me ya kai ta kafa kasko a bakin titi? A kundin nan na CIMA, wanda ba shi ke tuƙi ba, in aka ji masa rauni, ba a rage masa diyyar jikinsa saboda kuskurensa, sai fa in shi ya nemi abin ya same shi da gangan. Kar ka ɓata bakinka a nan. Abin da zai ɗan sanyaya maka rai shi ne diyyar haɗarin hanya ba ciniki ba ce da kowa zai faɗi abin da ya ga dama. Tana da ma'auni: kuɗin magani bisa rasit, kwanakin rashin aiki bisa takardar likita, naƙasa bisa kason da likita ya ƙiyasta bayan ciwon ya tsaya. Wanda ba shi da shaidar abin da yake samu, kamar mai ƙosai, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake yi masa lissafi. Saboda haka in 'ya'yanta suka ambaci miliyoyin da babu tushe, akwai abin da za ka nuna musu.

Tunda na ambaci mafi ƙarancin albashi, bari mu zo kan cire kuɗi daga na yaron. An ɗaga shi daga 30,047 zuwa jika 42 tun farkon 2024. Kai kana ba da 25. Ka ga ashe kafin a fara maganar abin da yaron zai biya ka, akwai maganar abin da kake riƙe masa. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana maigida cin ma'aikaci tara, kuma ba a yanke albashi haka kawai sai da umarnin kotu, ko da yardar ma'aikacin da ya bayar a gaban alƙali ko jami'in sa ido kan ƙwadago. A ƙa'ida kana iya bin sa ta kotu daga baya, ka ce kuskurensa babba ne. Amma me za ka samu? Ranar da ka kai shi, ranar za a tambaye ka lambarsa ta CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, a tambaye ka yadda aka yi ka ɗora wanda ba shi da parmi kan titi shekara huɗu. Ni dai da zan ba ka shawara, ka bar wannan rijiyar a rufe.

Na san zuciyarka za ta ce, wannan duk dokar Nasara ce, me addini ya ce? Gaskiya ne a fiƙihun Malikiyya wanda ke kan dabba, ko yake jan ta, ko yake kora ta, shi ke lamunin abin da ta taka, kuma diyyar kuskure in ta kai sulusi dangin mai laifi ke tarar masa. Ta wannan fuskar abokanka ba su rasa abin kamawa ba. Amma ka je wurin malaminka ka ce ya karanta maka ƙissar bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a a Muwaɗɗa. Bayin sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Da maganar ta je gaban Sayyidina Umar, sai ya dubi ubangidansu ya ce yana ganin yunwa yake bar su da ita. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400. Umar ya sa Haɗibu ya biya 800. Ba Haɗibu ya riƙe wuƙar ba. Ban kawo maka wannan don in ce hukuncinku ɗaya ba, fatawa ta malamai ce. Na kawo ne don ka ga cewa duban abin da ya tura yaro ga ɓarna, a tambayi wanda ke ciyar da shi, ba Napoleon ya fara shi ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Gobe da safe, kafin ka buɗe shago, ka je asibiti da ƙafarka, ba aike ba. Ka tafi da dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa. Ka gaida matar, ka yi mata sannu, kada ka kawo zancen wa ke da laifi. Ka karɓi takardun magani ka saya da kanka ko ka biya a gaban shaida, kowane rasit ka adana, ka ɗauki hotonsa a waya. Duk abin da ka kashe yanzu za a lissafa maka shi ranar ƙarshe, in kana da shaida. Zuwa biyu da 'ya'yanta suka yi shagonka alama ce ta cewa sulhu suke so. Mai niyyar kotu ba ya zuwa sau biyu. Kada kuma ka yi musu kallon talakawan da ba su san hanya ba. Akwai hukumar ANAJJ da gwamnati ta kafa don taimakon marasa ƙarfi kan shari'a, ba sai da kuɗin lauya za su kai ka ba.

Sulhun ku yi shi a gaban mai unguwa, ko ku kai shi fada in ya fi ƙarfinsa, amma a rubuta. Na taɓa zama a wani zaure aka yi irin wannan, mai mota ya ƙirga kuɗi a kan tabarma, aka yi fatiha, kowa ya shafa, aka watse ba a rubuta ko harafi ba. Bayan wata takwas ƙafar yaron da aka kaɗe ta ƙi ɗaukar sa, kawunsa ya dawo daga tafiya ya ce shi bai san da wani sulhu ba, biyu daga cikin shaidun kuma suka ce su a saninsu kuɗin magani ne kawai aka bayar. Mai motar nan sau biyu ya biya. Shi ya sa nake cewa ka raba biyan kashi biyu: na magani yanzu, bi da bi, na diyya kuma sai likita ya ba da takardar cewa ciwon ya tsaya, an san ko da naƙasa ko babu. Karayar cinya a jikin dattijuwa ba a gane ƙarshenta a mako biyu. Kafin ka sa hannu kan takardar ƙarshe, ka biya lauya kuɗin zama ɗaya ya duba maka ita, ya kuma yi maka lissafin abin da kotu za ta iya yankewa, don ka san inda za ka tsaya a ciniki. Ka sani kuma sulhunku bai hana mai gabatar da ƙara na gwamnati ci gaba da tuhumar yaron ba in ya ga dama, sai dai alƙali yakan sassauta in ya ga an biya wadda aka cuta. Ranar zaman ka raka shi, ka kira ubansa tun yanzu ka gaya masa da bakinka.

Keken kuma, in an sako shi, kanike ya fara duba birkin kafin komai. In yaron gaskiya ya faɗa, to akwai lalurar da ke wuyanka kai tsaye, kuma gara ka sani kafin wani ya gano maka. Kada ya sake taka titi sai da asirans, sai da mai parmi a kai. Maganar lodi ku yanke ta a fili: ko ka hana ka cika albashi, ko ka yarda ka gaya wa kamfanin asirans cewa keken yana dakon kayan mutane, domin takardar mai kai kayan shagonsa daban take da ta mai haya.

Wani abu kuma da babu ayar da ta ambace shi. Ka tambaya ko a gidan akwai 'ya ko jika da ta iya suya. In akwai, ka ɗauki galan na mai daga shagonka, da tiya biyu ta wake, da sabon kasko in wancan ya lotse, ka aika musu cikin makon nan, don kada wata ta gaje mata wurin kafin ta tashi.